Mai Taga da Mai Tsuntsu

Kada wani ya ce muku Mai Agogo ya sayi kwamfutar nan don yana bukatarta. Abin da ya faɗa wa mutane shi ne idonsa ya gaji da leƙen zanen cikin agogo a wayar hannu, yana son allo mai faɗi. Wannan ma gaskiya ne, amma rabinta ce. Ɗaya rabin yana cikin cikinsa, shekara biyu ke nan yana cinsa.

A shagon kwamfuta aka jera masa kwamfutoci 'yan tafi-da-gidanka guda uku. Biyu da an kunna sai su tashi, ta ukun kuwa baƙin allo kawai take nunawa.

"Wannan ba a zuba mata komai ba," in ji mai shagon. "Kwamfuta sai da babbar manhaja, ita ke tuƙa sauran duka. In babu ita, kamar a ba ka gidan agogo ne ba inji a ciki."

"Ita nake so."

"To zauna in zuba maka, ba zai wuce rabin awa ba."

"Bar ta haka," in ji Mai Agogo. "Ina da masu zubawa har biyu."

Masu zubawar 'ya'yansa ne, kuma su biyun ke nan Allah ya ba shi. Babbar mace ce, kowa Injiniya yake ce mata, shi kuwa Uwata. Ita ba ta yarda da kowace manhaja ba sai mai hoton taga, wadda ake gani a yawancin ofisoshi, shi ya sa a gidan ake kiran manhajar Mai Taga. Ƙanenta Auta malamin lissafi ne a sakandare, shekararsa talatin da biyar, da gemunsa da matarsa da 'yarsa, amma Auta dai Auta ne. Shi kuma ya mutu a kan wata manhaja ta kyauta mai hoton wani tsuntsu mai tumbi, wato Mai Tsuntsu. A da gardamar Taga da Tsuntsu ita ce abin dariyar gidan. Su yi ta yi a kan tebur har abinci ya huce, sai mahaifiyarsu ta buga cokali ta ce duk wanda ya ƙara cewa uffan shi zai wanke kwanoni.

Bayan rasuwarta da 'yan watanni abin ya lalace. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a falo, a cikinta hotunan marigayiya suke, da muryarta, don takan ɗauki kanta tana waƙa in tana ɗinki, ta saurara ta yi wa kanta dariya. Injiniya ta ce kada wanda ya taɓa kwamfutar sai ta kwafe komai. Auta ya ce shi ba abin da zai goge, Mai Tsuntsu kawai zai zuba a gefe don ta rage nauyi. Yana cikin aikin aka kira shi ya janye motarsa daga ƙofar maƙwabci, ya fita ya bar allo a tsaye da tambaya mai zaɓi biyu. Mai Agogo kuwa mutum ne da hannunsa ba ya iya ganin inji a tsaye ya ƙyale. Shekara arba'in yana taɓa abu don ya ga me zai yi, kuma a agogo hakan bai taɓa kashe kowa ba. Ya danna na sama. Allon ya sake tambayarsa ko ya tabbata, shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa rasa tabbaci ba, ya sake dannawa. Kafin Auta ya dawo an share komai, hoto da murya.

Da Injiniya ta zo ta tambayi wanda ya yi, Mai Agogo ya buɗe baki, sai ya ji Auta ya ce, "Ni ne, Yaya." Ya mai da bakinsa ya rufe. Ya ce wa kansa gobe zai gyara maganar in ta huce, goben nan kuwa har yau ba ta waye ba. Tun daga ranar Injiniya ta ɗauke wa ƙanenta wuta, ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Auta bai taɓa tayar da maganar ba, ko da su biyu ne, kuma shirun nan nasa ya fi zagi zafi.

A faɗi gaskiya, Mai Agogo tsoron 'yarsa yake yi. Ba ta da hayaniya, amma in ta juya wa mutum baya ta juya ke nan, kuma yana ganin in ta san shi ne, Asabar ɗin da take kawo masa ziyara ta ƙare. Su biyun duk ranar Asabar suke zuwa shagonsa, da tsarin da ba wanda ya rubuta amma ba a taɓa karya shi ba. Ita ta zo ƙarfe uku ta tashi biyar saura kwata, shi ya zo ƙarfe biyar. To dabarar da ya ƙulla ita ce ya haɗa su ta kan kwamfuta su shirya, ba tare da ya tona kansa ba. Tsohon ya manta ba a shan zuma sai an sha harbi.

Shagon ɗan siriri ne. Akwai kanta mai gilashi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da tire cike da hantsaki da ƙananan sukundireba, da ɗan tabarau na ido ɗaya da yake maƙalawa in zai leƙa ciki. A bango agogunan mutane ne da ke jiran gyara, kowanne da lokacin da ya ga dama. Ɗaya ne kawai ake yarda da shi, wani dogon agogon katako mai lilo da ake kira Dattijo. Da shi Mai Agogo ke saita duk agogon da ya gyara, da shi mai askin da ke maƙwabtaka da shi ke buɗewa yana rufewa. Ba a taɓa kama Dattijo da ƙarya ba.

Asabar ta farko ya ɗora kwalin a kan kanta, ya yi kamar ya manta da shi.

"Baba, wannan fa?" in ji Injiniya.

"Wata 'yar kwamfuta ce na saya. Sun cuce ni, Uwata, ta ƙi tashi."

Ta kunna, ta dubi baƙin allon, ta dube shi. "Ba cuta ba ce, ba a zuba mata komai ba ne. Me ya hana ka kira ni kafin ka saya?"

"Ina na sani? Ni da ban san komai ba sai agogo."

Ta zaro filash daga jakarta ta hau aiki. Kafin lokacin tashinta taga ta bayyana a allo, ta nuna masa inda zai danna da inda ba ruwansa. "Wannan ita kowa ke amfani da ita," in ji ta. "In ta ba ka matsala, duk wanda ka tare a hanya zai iya taimaka maka. Kada ka bari wani ya taɓa." Ba ta faɗi ko wane ne wanin ba, shi ma bai tambaya ba.

Ƙarfe biyar Auta ya shigo ya tarar da taga tana haske a kan kanta. Ya tsaya kamar wanda ya tarar da baƙo a kan gadonsa.

"An riga an zaɓa ke nan."

"Wa ya zaɓa? Zuba mini aka yi, kuma ban gane kanta ba. Na ji ana cewa taka ta fi sauƙi, ba ta cin batir."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

Babu wani mutum da ya ce masa haka, amma fuskar Auta ta saki. Sai dai bai goge ta yayarsa ba, don tun ranar can ko saƙon talla ba ya gogewa a wayarsa. Raba cikin kwamfutar ya yi gida biyu, kamar a kafa katako a tsakiyar ɗaki, ya zuba Mai Tsuntsu a ɗaya gefen. Da aka zo wurin tambayar nan mai zaɓi biyu, ya ce a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, ɗan koma bayan kanta." Mai Agogo ya koma, kunnuwansa suna zafi.

Daga nan duk lokacin da aka kunna kwamfutar sai layi biyu su fito, a ba mutum daƙiƙa goma ya zaɓa. In bai taɓa komai ba, na sama ne ke shiga. Na saman kuwa Mai Tsuntsu ne, Auta ya ce wai haka abin yake yi da kansa.

Asabar ta biyu Injiniya ta kunna, ta tsaya tana kallon layukan nan har daƙiƙa goman suka ƙare, tsuntsu ya fito da tumbinsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ma haka na gan ta da safe."

"Baba."

"To, shi ne. Ya ce wai taki ta ma'aikatan ofis ce, waɗanda ba sa son wahalar tunani."

Auta bai faɗi haka ba, ko mai kama da haka. Injiniya ta gyara zama, ta naɗe hannun riga, kafin ta tashi ta mai da Mai Taga sama. Da Auta ya zo ya gani, tsohon ya girgiza kai cikin jimami ya ce, "Yayarka ta ce taka ta marasa aikin yi ce, a yini ana gyaran abin da bai lalace ba." Auta ya ce, "Haka ta ce?" ya jawo kujera.

Lissafin Mai Agogo shi ne faɗa ya fi gaba, don mai zaginka yana tune da kai. Kuma da farko abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ita ta rage daƙiƙa goman zuwa uku, shi ya mai da su ashirin. Shi ya ƙara girman rubutu saboda idon Baba, ita ta ƙara fiye da nasa har kalma uku ke cika allo. Ta tara masa zanen cikin agoguna iri-iri a gefenta. Auta ya samo wata 'yar manhaja da ke sauraron bugun agogo ta faɗi ko yana gudu ko yana latti, abin da ya sa tsohon ya yini yana kara agogunan mutane a jikin kwamfuta yana dariya shi kaɗai. Asabar ta zagayo, Injiniya ta samo irinta a nata gefen. Ba a taɓa shagwaɓa kwamfuta kamar wannan ba. Kowannensu in zai tashi sai ya ce, "To Baba, wacce ka zaɓa?" shi kuma ya shafa gemu ya ce yana nazari.

Mako shida ana haka. Faɗa dai ana yi, amma duk ta bakinsa yake bi, ita biyar saura kwata ta ɗauki jakarta, shi biyar ya shigo. Ga shi ƙarya ta fara ƙare masa, har ranar nan ya maimaita wa Injiniya zagin da ya riga ya ce ita ta yi, sai da ya wayance da tari.

A Asabar ta shida ta rufe kwamfutar ta ɗora hannu a kai. "Baba, na gaji da wasan nan. Mako mai zuwa ka faɗa mini ɗaya. In tasa ce ba komai, sai in cire hannuna." Ya san 'yarsa, in ta cire hannu ba daga kwamfuta kaɗai take cirewa ba. Da ya ba Auta labari, yana jiran ya harzuƙa, sai Auta ya ce, "Ka zaɓi tata kawai a huta, Baba. Ni na saba." Wannan kalma ta "na saba" ta tsaya masa a wuya kwana uku.

Ranar Talata da hantsi, shago ba kowa, yana ta shiga nan yana fita can, sai idonsa ya faɗa kan ɗan agogon da ke ƙasan allo. In ya fito daga Mai Tsuntsu ya shiga Mai Taga, sai lokaci ya koma baya da awa ɗaya cif. Ya gwada sau shida, sau shida haka. Ashe kowace da yadda take karanta agogon da ke cikin injin, in ɗaya ta saita sai ɗayar ta karanta daban. Bai san dalilin ba, bai kuma nema ba. Da farko haushi ya ji, a ce a shagonsa ake ajiye abin da ke ƙaryar awa guda. Can sai ya ɗaga kai ya dubi Dattijo, ya yi wani murmushi da bai dace da mai furfura ba.

Asabar ta bakwai ya shirya tun da safe. Ya shiga Mai Tsuntsu ya fito, ya rufe. Injiniya na shigowa ƙarfe uku ya kama hannunta.

"Agogon nan naki yana latti, Uwata. Kawo in duba batir ɗin."

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ni za ki gaya wa?"

Ta kwance ta ba shi. Wayarta ma ya karɓa ya ce bari ya sa mata a caji a bayan kanta, ya kife ta ya ɗora mata tsumma. Sannan ya miƙa mata takarda mai ɗauke da matsaloli goma sha ɗaya da ya yini yana ƙirƙirowa, daga rubutun da ke ɓacewa zuwa wata ƙara da shi kaɗai ke ji. Ya ce sai an gyara su duka zai iya zaɓe da adalci. Ta harari takardar ta zauna.

Huɗu saura minti ɗaya ya kunna injin goge ƙarfe, ya kara masa murfin wani tsohon agogo, ƙara ta cika shago har Dattijo ya gama buga huɗunsa ba wanda ya ji. Da huɗu da minti ashirin, tana duƙe a kan matsala ta biyar, ya hau ɗan benci ya buɗe gilashin Dattijo. Shekara arba'in yana yi wa mutane faɗa cewa agogo mai bugawa ba a juya hannunsa baya. Ya sa ɗan yatsa ya juya dogon hannun baya, zagaye guda cur, yana ba shi haƙuri a zuci. Ya rufe gilashin ya sauko.

Jim kaɗan ta ɗago tana murza wuya, ta dubi ƙasan allo ta ga huɗu saura minti ashirin. Ta dubi bango, Dattijo ma haka ya ce. Shaidu biyu ke nan.

"Yau lokaci yana da albarka," in ji ta.

"Wata ranar haka yake."

Saura ƙiris mai aski ya ɓata komai. Ya leƙo da almakashi a hannu, ya dubi Dattijo, ya dubi wayarsa, ya ce, "Mai Agogo, anya yau naka bai..." Tsohon ya tare shi a bakin ƙofa, ya tura shi waje da ƙirji yana tambayarsa lafiyar ƙafar surukarsa, bai sake shi ba sai a ƙofar shagonsa. Biyar saura kwata ta gaskiya ta zo ta wuce, Injiniya tana kan matsala ta takwas.

Ƙarfe biyar daidai Auta ya yi sallama, ƙafarsa ɗaya a ciki. Injiniya ta ɗago. Shekara biyu rabon da su ga juna kusa haka. Kafin wani ya motsa sai Dattijo ya yi gyaran murya ya fara bugawa. Hannunsa dai a kan huɗu yake, amma abin da Mai Agogo ya sani sarai ya kuma yi fatan a yafe masa yau shi ne, ɓangaren bugu ba ruwansa da inda aka juya hannu, lissafinsa yake bi. Ya buga huɗu ɗazu, yanzu sai biyar. Su ukun suka tsaya suna ƙirgawa har ya cika ta biyar ɗin.

Injiniya ta dubi bango, ta dubi allo, sannan ta dubi mahaifinta.

"Kwamfutar ce," in ji shi da sauri. "Da ita na saita shi. Kun ga abin da nake gudu, tun da aka zuba mata abu biyu ta rikice."

"Baba, kai ne ka saita Dattijo da kwamfuta?"

"Tsufa ne, Uwata."

"Ba ni agogona da wayata."

Ta ɗauki jaka. Auta ya ja ƙafarsa baya ya ce, yana kallon ƙasa, "Bari in je in dawo." Mai Agogo ya ga su biyun za su fice ta ƙofa ɗaya, kowa ya kama gabansa, kuma ya san in ta fita yau ta fita ke nan. Kwamfuta ta yi iyakar yinta, Dattijo ya zubar da mutuncinsa a banza, ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

"Ku tsaya," in ji shi. "Na zaɓa."

Suka tsaya kuwa, don duk fushinsu kowa yana so ya ji. Ya laluba cikin kansa ko akwai sauran wata ƙarya, ya tarar wayam. Ya dafa kanta.

"Ranar can, kwamfutar mahaifiyarku. Auta yana waje yana janye mota. Ni na danna. Ta tambaye ni ko na tabbata, na sake dannawa."

"Baba, ba sai ka..." in ji Auta.

"Yi mini shiru. Shekara biyu kana ɗauke da kayana, ya isa."

Ya jira ta fashe. Ba a jin komai sai agogunan bango, kowanne da bugunsa. Injiniya ta ajiye jakar a kan kanta.

"Na sani," in ji ta.

Mai Agogo ya ɗago.

"Auta da ke karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe, shi zai danna abu bai karanta ba? A gidan nan wa ya kwance injin wanki don ya ga yadda yake juyawa? Tun a ranar na sani." Ta dube shi ido cikin ido. "Na rasa uwa, na rasa muryarta. In na yi fushi da kai wa ya rage mini? Shi kuma ya miƙo wuya, sai na ɗora masa. Kullum Asabar ina zuwa ina jira ka faɗa, sai ka ba ni shayi."

Kunya ta rufe Mai Agogo, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Duk wayon nan da yake taƙama da shi, ashe shi kaɗai ne a gidan bai san ana kallonsa ba.

Amma wanda ya ba shi mamaki Auta ne. Auta da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya shigo ciki sosai ya tsaya gaban yayarsa.

"Kin sani, kika bar ni haka?"

"Kai ma ka tsaya gabana ka yi mini ƙarya."

"Don kada ki juya wa Baba baya na yi. Shekara biyu, Yaya. 'Yata ta fara tafiya ba ki gani ba."

"Na gani. Baba yana nuna mini a waya."

"A waya."

 Injiniya ba ta iya ba da haƙuri ba, a wurin aiki ma an san ta da haka, da ƙyar maganar ta fito. "Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Auta ya kau da kai ya dubi tire ɗin hantsaki. "Ba a nan ba," in ji shi. "Ki zo gida ki faɗa. Akwai wadda ba ta san tana da goggo ba."

"Yanzu?"

"Yanzu."

Ta zagaya bayan kanta da kanta ta cire wayarta daga caji, ta ɗauki agogonta da ba a ko buɗe shi ba ta ɗaura. Mai Agogo ya ji sanyi ya sauka a ƙirjinsa, har tsohon halinsa ya fara dawowa, ya ce, "To ai shi ke nan, bari in rufe shago mu tafi tare."

Ta juyo ta dube shi, ba da ƙiyayya ba, amma ba da wasa ba.

"Kai kuma Baba, fushin da na kasa yi da kai shekara biyu, yau zan fara shi. Asabar mai zuwa kada ka jira ni, gidan Auta za ni."

"Asabar ɗaya?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya dubi Auta ko zai sa baki. Auta ya sosa gemu ya ce, "Ni ma ina da nawa ɗan kaɗan, Baba. Amma zan riƙa leƙowa."

"To kwamfutar fa? Wacce zan bari?"

"Wannan kuma kai da ita," in ji Injiniya, ta fita, ƙanenta ya bi bayanta.

Mai Agogo ya tako har bakin ƙofa ya tsaya. Abin da ya yi shekara biyu yana tsoro ya same shi, Asabar ɗinsa ta tafi, kuma ya ji zafinta yadda ya zata. Suna tafe a gefen titi da tazarar mutum biyu a tsakaninsu. Sai da suka kai wajen motarta ya jiyo muryarta tana cewa gyaran agogon kwamfutar daga gefenta ake yi, Auta yana cewa daga nasa layi ɗaya ne kawai, ita tana cewa ba abin da ya sani. Ta buɗe masa ƙofar gaba ya shiga, ya bar tasa motar a nan. Mai Agogo ya goge idonsa da bayan hannu, ya tsaya yana kallonsu har suka sha kwana.